Madam Mari Kuri, Matar Da Ta Binciko Radiyom

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega ba ta rabuwa da manyan motoci dare da rana, kuma duk mai lura ya san wasunsu suna ɗauke da alamun gargaɗi a jikinsu, kamar hoton harshen wuta da ake liƙa wa tankar mai. A cikin irin waɗannan alamu akwai wata wadda ba kasafai ake ganinta ba, baƙa mai kunnuwa uku kamar farfelar fanka, a kan allo rawaya. Ita ce alamar kayan da ke fitar da tururin nukiliya, watau wani irin haske wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana ratsa fata da tsoka ya yi ɓarna a cikin jiki.

Dokokin da suka tsara yadda za a ɗaure irin wannan kaya da yadda za a yi safararsa ba su cika shekara ɗari ba. Kafin a kafa su an yi zamanin da manyan masana ke yawo da shi a aljihun riga. Babu kuwa wanda rayuwarsa ta nuna amfanin abin da illarsa kamar Madam Mari Kuri.

ASALINTA DA KARATUNTA

An haife ta ran 7 ga watan Nuwamba, 1867, a birnin Warso na ƙasar Foland, watau a shekarar da Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu ya zama Sarkin Musulmi. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Mariya Sklodowska, ita ce kuma auta a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinta malamin lissafi ne da kimiyya, mahaifiyarta kuwa shugabar wata makarantar 'yan mata. A zamanin nan Warso tana ƙarƙashin mulkin Sarkin Rasha, wanda hukumarsa ta tilasta a riƙa karatu da Rashanci, ta kuma sa ido a kan malaman da ba ta amince da su ba. Mahaifin Mariya yana cikin waɗanda aka rage wa muƙami, har ya koma karɓar ɗalibai 'yan kwana a gidansa don ya sami abin ciyar da iyali. Tana da shekara takwas wata zazzaɓi mai tsanani ta kashe babbar yarsu, tana da goma ciwon tarin fuka ya ɗauke mahaifiyarsu.

A cikin 1883 ta gama sakandare da lambar zinariya, amma Jami'ar Warso ba ta karɓar mata. Sai ta shiga wata makarantar ɓoye wadda ake yi da dare, yau a gidan wannan gobe a gidan wancan, don gudun 'yan sandan Rasha. Daga nan suka ƙulla alkawari da yarta Bronya: Mariya za ta yi aikin koyar da yara a gidajen masu hali ta riƙa aika wa Bronya kuɗi har ta gama karatun likita a Paris, in ta gama ita ma ta ɗauki nauyin ƙanwarta. Haka kuwa aka yi. Ta yi shekaru tana wannan aiki, uku daga ciki a wani ƙauye, inda take kuma koya wa 'ya'yan manoma karatu a asirce.

A ƙarshen 1891 ta isa Paris ta shiga Jami'ar Sorbon. Ta kama wani ɗan ɗaki a can ƙololuwar bene, abincinta shayi da burodi, in sanyi ya tsananta ta tara duk tufafinta ta rufa da su. A 1893 ta zo ta ɗaya a jarrabawar digirin kimiyya, a 1894 ta zo ta biyu a ta lissafi. A wannan shekara ce ta haɗu da Piyer Kuri, wani malamin kimiyya Bafaranshe wanda ya riga ya yi suna a binciken maganaɗisu. Suka yi aure a watan Yuli, 1895.

AIKI A CIKIN RUMFA

A ƙarshen 1895 wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A shekara mai bi Hanri Bekerel na Paris ya lura cewa ƙarfen yuraniyom yana ɓata farantin ɗaukar hoto ko da an naɗe farantin cikin baƙar takarda. Mari ta zaɓi wannan al'amari ya zama abin bincikenta na digirin ƙoli. Da taimakon wani ma'auni mai kaifi wanda mijinta da wansa suka ƙera, ta tabbatar cewa ƙarfin tururin ya danganta ne kawai ga yawan yuraniyom ɗin da ke wurin, ko a jiƙe yake ko a bushe, ko an gauraya shi da wani abu ko ba a gauraya ba. Ma'anar wannan ita ce tururin daga cikin ƙwayar zarra kanta yake fitowa.

Sa'an nan ta auna wani baƙin dutse da ake haƙowa a yankin Bohimiya, ta tarar tururinsa ya ninka na tsantsar yuraniyom kamar sau huɗu. Sai ta ce lalle akwai wani sinadari a ciki wanda ba a san shi ba. Piyer ya ajiye nasa aikin ya kama mata. A watan Yuli, 1898, suka ba da sanarwar sinadari na farko, suka sa masa suna foloniyom don tunawa da ƙasarta. A watan Disamba suka bayyana na biyu, watau radiyom.

Faɗa ba ta wadatar ba, sai an fitar da shi an auna. Gwamnatin Ostiriya ta ba su tan guda na dusar dutsen kyauta, su suka biya kuɗin dako, aka kawo musu cikin buhuna kamar yadda ake kai kowace irin ƙasa. Wurin aikinsu wata tsohuwar rumfa ce mai yoyo a harabar makarantar da Piyer ke koyarwa. A nan Mari take dafa kilo 20 a kowane zubi, tana tuƙawa da sandar ƙarfe, hayaƙi yana turnuke ta. Sai a 1902, bayan sun narkar da tan da dama, ta sami ushirin giram ɗaya na gishirin radiyom, abin da bai kai cikin ƙaramin cokali ba. Amma tururinsa ya fi na yuraniyom ƙarfi fiye da sau miliyan guda, da dare kuma kwalabensa suna ba da wani shuɗin haske a kan kantoci.

Tun a lokacin alamun haɗari suka bayyana. A 1901 Bekerel ya sa wata 'yar kwalbar radiyom a aljihun rigarsa ya yi 'yan sa'o'i da ita, bayan kwanaki fatar cikinsa ta ƙone daidai wurin. Piyer da gangan ya ɗaura wa hannunsa na tsawon sa'a goma, wurin ya zama gyambo wanda ya yi watanni kafin ya warke. Yatsun Mari suka tsattsage, su biyun kuma kullum cikin gajiya. Abin da likitoci suka ɗauka daga wannan shi ne, abin da ya ƙone lafiyayyar tsoka zai ƙone ciwon daji, kuma gaskiya ce, nan aka faro wannan hanyar magani. Ɗaya ɓangaren darasin, na tsare kai, shi ne aka yi wa sakaci.

GIRMA DA BAƘIN CIKI

A 1903, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato, aka ba Mari da Piyer da Bekerel kyautar Nobel ta kimiyya. Ita ce mace ta farko da ta taɓa samunta. Ma'auratan suka ƙi yin rajistar mallakar hanyar tace radiyom, suka buga ta a fili kowa ya ɗauka, alhali da sun yi rajistar da sun tara dukiya mai yawa.

Ran 19 ga watan Afrilu, 1906, keken doki mai ɗauke da kaya ya take Piyer a wani titin Paris ana ruwan sama, ya mutu nan take. Ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, Iren da Ib. Jami'a ta ba ta kujerarsa, ta zama mace ta farko da ta koyar a Sorbon. A farkon 1911 ta nemi shiga Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa aka kayar da ita da ƙuri'u kaɗan, a ƙarshen shekarar kuma wasu jaridu suka yi mata ca a kan wata magana da ta shafi rayuwarta ta gida, suna yi mata gorin baƙunci. A tsakiyar wannan hayaniya aka ba ta Nobel ta biyu, ita kaɗai, a fannin ilmin sinadarai.

Akwai wani aiki nata na wannan zamani wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne kuwa tushen duk wata doka da ta biyo baya. Radiyom ya riga ya zama haja mai tsadar gaske, asibitoci suna saye, amma babu mudu ɗaya da kowa ya yarda da shi. Taron masana da aka yi a Brasels a 1910 ya ɗora mata aikin shirya ma'aunin duniya, ya kuma amince a kira mizanin awon da sunan Kuri. A 1911 ta rufe miligiram 21.99 na tsantsar gishirin radiyom cikin bututun gilas, a 1913 aka ajiye shi a Ofishin Ma'aunai na Duniya kusa da Paris, ƙasashe suna gwada nasu da shi. Abin da ba a iya aunawa ba a iya yanka masa iyaka.

TAFIYAR BORDO

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a watan Agusta, 1914, sojan Jamus suka doshi Paris, gwamnatin Faransa ta ƙaura zuwa Bordo. Radiyom ɗin da ke ɗakin binciken Mari, kimanin giram guda, dukiya ce ta ƙasa wadda ba a so ta faɗa hannun abokan gaba. A farkon watan Satumba ta zuba bututun cikin akwati mai rufin dalma, nauyinsa wajen kilo 20, ta shiga jirgin ƙasa wanda ya cika maƙil da ma'aikatan gwamnati. Ba ɗan rakiya, ba wata alama a jikin akwatin, fasinjojin da ke kusa da ita ba su san abin da ke gefen ƙafafunsu ba. Ta isa da dare, akwatin ya fi ƙarfinta, sai da wani ma'aikacin gwamnati ya taimake ta ta sami masauki. Da safe ta ajiye shi a ma'ajin banki, ta biyo jirgin soja ta koma Paris. A 1915 ta je ta ɗauko shi.

Sauran shekarun yaƙin ta ba da su ga masu rauni. Ta harhaɗa motoci 20 masu ɗauke da na'urar hoton ƙashi, ta kafa irin na'urar a asibitoci wajen 200, ta koyi tuƙi, ta horar da mata kimanin 150, 'yarta Iren tana taya ta. An ƙiyasta sojojin da aka duba ta wannan hanya sun haura miliyan guda. Na'urorin zamanin ba su da kariyar kirki, kuma ta tsaya a gabansu ba adadi.

Bayan yaƙi wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Mari Meloni, ta shugabanci matan Amurka suka tara dala 100,000 suka saya mata giram guda na radiyom, wanda sai da aka tace duwatsu kimanin tan 500 kafin a same shi. Ran 20 ga watan Mayu, 1921, Shugaba Hadin ya miƙa mata mabuɗin akwatin a fadarsa ta Washinton. Radiyom ɗin kansa ba a kai shi fadar ba. An raba shi cikin bututu goma, aka jera su a akwatin katako mai kaurin dalma wanda nauyinsa ya haura kilo 40, haka aka ɗora shi a jirgin ruwan fasinja zuwa Faransa. A 1929 ta sake komawa Amurka ta samo kuɗin wani giram ɗin don cibiyar maganin ciwon daji ta Warso, wadda aka buɗe a 1932 ƙarƙashin yarta Bronya.

Ana cikin haka illar ta yi ta fitowa fili. A farkon 1925 wasu injiniyoyi biyu da suka taɓa aiki tare da ita suka mutu cikin mako ɗaya da ciwon jini. A Amurka 'yan matan da ke shafa fentin radiyom a fuskar agogo, suna lasar bakin buroshi don ya yi tsini, suka riƙa rasa haƙora da muƙamuƙi suna mutuwa, har magana ta kai kotu. A 1928 aka kafa kwamitin duniya na kare mutane daga wannan tururi, a birnin Stokholm. Mari ta sa ana gwada jinin ma'aikatanta, amma game da kanta ba ta son zancen. An yi mata aikin yanar ido sau huɗu. Ran 4 ga watan Yuli, 1934, ta mutu a wani asibiti a cikin duwatsun gabashin Faransa, tana da shekara 66, ɓargonta ya daina yin jini.

DOKOKIN DA SUKA BIYO BAYA

Abin mamaki, dokar safara ta farko ba don lafiyar mutane aka yi ta ba. A 1936 aka lura a Amurka cewa fim ɗin ɗaukar hoto yana lalacewa in ya yi tafiya kusa da ƙunshin radiyom, sai hukumar gidan waya ta hana aika shi ta wasiƙa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu irin waɗannan kaya suka yawaita, kowace ƙasa da tata ƙa'ida. A 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, mai mazauni a Biyana, aikin tsara ƙa'ida ɗaya. Ta fito da ita a 1961, kuma ana ta sabunta ta tun daga lokacin. Nijeriya ta shiga hukumar a 1964.

Ginshiƙin ƙa'idar shi ne a dogara ga ƙarfin mazubi, domin direba yana iya yin kuskure, hanya kuma ba ta da tabbas. Nauyin farko yana wuyan mai aika kayan. Mazubin kaya mai matsakaicin ƙarfi dole ya jure feshin ruwa na sa'a guda, da faɗuwa, da danniya, da sukar sandar ƙarfe. Na kaya mai ƙarfi sosai kuwa sai an jefo shi daga tsawon mita 9 a kan daɓe mai tauri, an sa shi cikin wuta mai zafin digiri 800 na minti 30, an nutsar da shi cikin ruwa mai zurfin mita 15 na sa'a 8, bai yi yoyo ba. Takardar da ake liƙawa iri uku ce: fara mai sanda ɗaya ja, rawaya mai sanda biyu, da rawaya mai sanda uku, gwargwadon tururin da ke fita daga jikin mazubin. Motar da ta ɗauki mai rawayar takarda ba ta ɗaukar kowa sai direba da mataimakansa. Da wannan doka tana nan a 1914, da tafiyar Bordo ba ta yiwu yadda aka yi ta ba.

Maganar ba ta yi nisa da wannan yanki ba. Tun daga 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, kuma fiye da shekara 50 ana loda garinsa cikin gangunan ƙarfe a bi da shi ta Agadas da Tawa da Birnin Ƙonni, daura da Illela, a wuce Doso da Gaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, har zuwa rufe iyakar Nijar da Benin a 2023. A Nijeriya dokar soja mai lamba 19 ta 1995 ita ce ta tanadi Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda ta fara aiki a 2001, ta kuma fito da ƙa'idojin safara a 2006. Ba a shigo da irin wannan kaya ko a yi safararsa sai da lasinta, ko na asibitin maganin ciwon daji ne, ko na kamfanin haƙar mai, ko na'urar auna taurin ƙasa ce ta masu gina hanya. A watan Disamba, 2018, aka ɗauke tsohon makamashin tukunyar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello daga Zariya zuwa filin jirgin sama na Kaduna, aka mayar da shi ƙasar Sin lafiya cikin mazubi na musamman.

Inda aka yi sakaci kuwa an gani a jika. A 1987 a birnin Goyaniya na Birazil wasu masu tsintar ƙarfe suka fasa wata na'urar asibiti da aka yasar, suka sayar wa ɗan gwangwan, mutane suka yi ta sha'awar shuɗin garin da ke ciki suna rarrabawa. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara shida, aka kuma auna mutane fiye da 100,000. Saboda haka ya kamata ma'aikatan kwastan da 'yan sandan hanya da jami'an ƙananan hukumomi, daga Tambuwal har Kebbe, su san alamar nan mai kunnuwa uku, su kuma sanar da 'yan gwangwan cewa wanda ya tsinci ƙarfe mai ɗauke da ita kada ya fasa, kada ya kai gida, ya nisance shi ya shaida wa hukuma.

A watan Afrilu, 1995, gwamnatin Faransa ta mayar da gawar Mari da ta Piyer zuwa Fantiyon, maƙabartar manyan ƙasar, cikin akwatuna masu rufin dalma. Ita ce mace ta farko da aka kai can saboda aikin kanta. Awon da aka yi a lokacin ya nuna radiyom ɗin da ke jikinta kaɗan ne, har masana suka fi zaton hasken hoton ƙashi na zamanin yaƙi shi ya fi yi mata lahani. Littattafan da ta riƙa rubuta sakamakon bincikenta a ciki suna Babban Ɗakin Karatu na Faransa, su ma cikin akwatunan dalma, domin ƙurar rumfar nan tana manne da shafukansu har yanzu. Sai radiyom ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi.